Ɗan Ibro a Zukatan Yaran Birni: Nazari a kan Ban Dariya da Tuna Baya a Unguwar Soron Ɗinki, Kano

1.0 Gabatarwa

Ranar Laraba, 10 ga Disamba, 2014, Allah ya yi wa Rabilu Musa Ɗanlasan rasuwa, watau mutumin da ƙasar Hausa ta fi sani da suna Ɗan Ibro, ko kuma Ibro a taƙaice. Tun daga wannan rana, da wuya a ambaci sunansa a majalisa a cikin birnin Kano ba a fara da roƙa masa gafara ba, sa'an nan wani ya yi murmushi ya ɗauko wata magana tasa, wani ya kwaikwayi tafiyarsa, kafin a farga majalisa ta kaure da dariya. Abin lura a nan shi ne, akasarin masu wannan tuni yara ne ƙanana a lokacin da finafinansa suke tashe, yau kuwa sun zama magidanta da matan aure, wasu ma malamai ne a makarantu.

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana dalilin da ya sa finafinan wannan ɗan wasa suka zauna daram a zukatan waɗannan yara, alhali kuwa finafinai masu yawa da suka fi su tsada da ƙawa sun shuɗe ba mai tuna su. Mun ɗauki unguwar Soron Ɗinki a matsayin misali, domin a nan ne muka ga yadda al'amarin ya gudana da idonmu. Ra'ayinmu shi ne, Ibro bai zo wa yaran birni da baƙon abu ba. Tsohuwar sana'ar ban dariya ta Hausawa ya ɗauko ya zuba ta a kaset, yara kuma suka karɓe ta kamar yadda iyayensu suka karɓi tatsuniya. Za mu duba tarihinsa a taƙaice, da tushen sana'arsa, da yadda aka yi kallonsa, da sigogin finafinansa, sa'an nan mu kammala da abin da ya wajaba a kan manazarta game da adana wannan gado.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Rabilu Musa a shekarar 1971 a garin Ɗanlasan, cikin Ƙaramar Hukumar Warawa ta Jihar Kano. Ya yi karatun firamare a garinsu, daga nan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. Bayan ya gama sai ya shiga aikin gandiroba, inda ya yi kimanin shekara takwas kafin ya ajiye ya rungumi wasan kwaikwayo gaba ɗaya. Fim ɗin da aka fi dangantawa da fitowarsa ta farko shi ne 'Yar Mai Ganye. Daga ƙarshen shekarun 1990 har zuwa rasuwarsa, babu wani ɗan wasan ban dariya a finafinan Hausa da ya kai shi suna. Ya rasu bayan ya yi fama da ciwon ƙoda, yana da shekara wajen 43, aka kuma yi jana'izarsa a mahaifarsa.

Abubuwa biyu ne a cikin wannan tarihi suke da muhimmanci ga bayaninmu. Na farko, mutumin karkara ne wanda ya san birni, saboda haka ya san yadda baƙauye yake kallon ɗan birni, ya kuma san yadda ɗan birni yake raina baƙauye. Na biyu, ya yi aikin ɗamara, ya ga masu iko da waɗanda ake iko da su a wuri guda, kullum safiya. Duk wanda ya kalli yadda yake kwaikwayon ɗan sanda ko alƙali ko mai unguwa zai gane cewa ba labari aka ba shi ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

3.0 Tushen Ban Dariya a Gargajiyar Hausa

Kafin zuwan fim, Bahaushe yana da hanyoyinsa na raha, kuma kowace hanya tana da masu ita da lokacinta da iyakarta. Za mu kawo guda biyar.

Ta farko ita ce tatsuniya, wadda babban tauraronta shi ne Gizo. Gizo makwaɗaici ne, matsoraci, mai wayo, ga tsamin baki. Kullum yana ƙulla dabarar da za ta kai shi ga abincin wani, wani lokaci ya ci nasara, wani lokaci reshe ya juye da mujiya. Matarsa Ƙoƙi ita ce mai hankalin gida, ita ce kuma mai shan wahalarsa.

Ta biyu ita ce wawan sarki. Wannan bafade ne da al'ada ta ba shi damar faɗa wa sarki abin da waziri ba zai iya faɗa ba, muddin dai ya lulluɓe maganar da wauta.

Ta uku ita ce 'yan kama, waɗanda sukan tsaya a kasuwa ko wurin biki su kwaikwayi malamai da mawaƙa, su ɗauki muryar karatu ko karin wata sananniyar waƙa su cika ta da zancen tuwo da nama da fura. Wani Bature manazarci, C. G. B. Gidley, ya yi rubutu a kan wannan sana'a tun shekarar 1967.

Ta huɗu ita ce tashe, wanda yara da samari suke farawa daga goma ga watan azumi. A cikinsa akwai wasanni irin su Tsoho da Gemu, da Jatau Mai Magani, da Macukule, inda yaro yakan yi shigar dattijo ko boka ko mutumin wata ƙabila. A Kano kuma akwai Nalako, wanda yake jagorantar tashen gwauraye.

Ta biyar ita ce wasan barkwanci tsakanin jama'a, kamar na taubasai, da na jika da kaka, da na Kanawa da Zagezagi, da na Fulani da Barebari, da na Gobirawa da Yarbawa. A nan ana faɗar magana mai zafi, amma ba a fushi, domin kowa ya san ƙa'idar wasan.

Idan muka haɗa waɗannan duka, za mu ga sun yi tarayya a kan abu guda, watau al'umma ta keɓe wani fage inda ƙarami zai taɓa babba ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. A cikin al'ummar da ta ɗora tarbiyyarta a kan kunya da kawaici da girmama na gaba, irin wannan fage ba ƙaramin amfani gare shi ba. A wannan fage ne Ibro ya kafa rumfarsa.

4.0 Daga Majigi zuwa Kaset

Hoto mai motsi ya fara isa ga talakawan Arewa ne ta hanyar majigi, wanda gwamnatin mulkin mallaka take zagayawa da shi gari gari don wayar da kai. Gidajen silima kuwa, an buɗe Rex a Kano a shekarar 1937. A 1951 gobara ta tashi a silimar El-Duniya, mutum sama da 300 suka halaka, jama'a da yawa kuma suka ɗauki wannan a matsayin ishara. Da aka buɗe silimar Palace a cikin ganuwa a 1952, malamai da dattawan birni sun nuna ƙin abin ƙwarai. Tun daga nan silima ta zama wurin da ɗan mutunci ba ya son a gan shi, balle matar aure ko ƙaramin yaro.

Rediyo da talabijin su ne suka fara shigar da wasan kwaikwayo cikin gida. A nan ne aka san Usman Baba Pategi a wasan Samanja Mazan Fama, da Ƙasimu Yero a Karambana, da Karkuzu daga Jos, da shirin Kuliya Manta Sabo a Kano. Waɗannan su ne magabatan Ibro na kusa. To amma shirin talabijin yana da rana da sa'a, in ya wuce ka ya wuce ke nan, ba ka da ikon dawo da shi.

Babban canji ya zo ne a 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo don sayarwa. Kafin shekara goma sana'ar ta bunƙasa, har a 1999 mujallar Tauraruwa ta raɗa mata suna Kannywood, a shekarar kuma aka fara buga mujallar Fim. Kasuwar ta rabu gida biyu. Akwai finafinan soyayya masu waƙa da rawa, waɗanda suka ɗauki salo daga finafinan Indiya, irin su Sangaya. Akwai kuma waɗanda ake kira camama, watau finafinan ban dariya masu arhar shiryawa, waɗanda akasari a ƙauye ake ɗaukarsu cikin 'yan kwanaki. Sunan camama kansa akwai raini a cikinsa. Ibro shi ne sarkin wannan ɓangare, tare da abokan sana'a irin su Ciroki da Baba Ari da Bosho da Daushe.

5.0 Yadda Yara Suka Yi Kallo a Soron Ɗinki

Soron Ɗinki tsohuwar unguwa ce a tsakiyar birnin Kano, mai lunguna da gidaje manne da juna, kamar sauran unguwannin cikin ganuwa irin su Daneji da Mandawari da Yakasai. Abin da wasu Hausawa suke kira zaure shi Kanawa suke kira soro, kuma sunan unguwar kansa yana tuna mana cewa soro ba mashiga ce kawai ba. Wurin sana'a ne, wurin karatu, wurin karɓar baƙi, nan ne kuma iyaka tsakanin waje da cikin gida. Sai mun fahimci wannan tsari sa'an nan za mu fahimci yadda kaset ya yi tafiya a unguwa.

A ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000, ba kowane gida ne yake da bidiyo ba. Gidan da yake da shi kuwa ya zama na kowa, domin a cikin birni ba a korar ɗan maƙwabci. Kaset ɗin ko dai a sayo shi a wajen dillalai na Ƙofar Wambai da Bata, ko kuma a karɓo haya a shagon unguwa, kuma yaro ne ɗan aike a duk hali biyun. Shi yake karɓowa, shi yake mayarwa, shi yake kai shi ɗakin amaryar gidan gaba in ta aiko aro. Saboda haka yaro ya san sabon fim tun kafin manya su sani, sau da yawa ma zaɓinsa ake kallo.

Lokacin kallo ya bi tsarin rayuwar unguwa. Akwai daren Alhamis da ranar Juma'a da ba a zuwa makarantar allo, akwai bayan sallar isha'i, akwai kuma kwanakin salla. Yara sukan zauna a tabarma gab da akwatin, mata a baya, wani lokaci kaka tana gefe tana jan carbi tana cewa a rage shewa, amma idonta yana kan akwatin. In an ɗauke wuta ana tsakiyar kallo, ba a watsewa nan da nan. Sai wanda ya riga ya ga fim ɗin ya miƙe ya ƙarasa wa sauran da baki, yana yi yana kwaikwayo.

Abubuwa uku ne suka fito daga irin wannan kallo. Na farko, kallo ne na taro, dariyar wani tana tayar da ta wani. Na biyu, kallo ne na maimaici, domin kaset ɗaya yakan zagaya gida biyar, yaro kuma ya bi shi duk inda ya shiga. Na uku, kallo ne da ake iya yi a gaban iyaye. Fim ɗin soyayya yakan sa yaro ya sunkuyar da kai in mahaifiyarsa tana wurin, wani lokaci ma a kore shi. Fim ɗin Ibro kuwa, galibi jika da kaka sukan zauna su kalla tare. Wannan lokaci na bayan isha'i, da wannan zama na yara a gaban tsohuwa, su ne ainihin lokaci da zaman tatsuniya. Kaset ya gaji gurbin ne kurum.

6.0 Finafinan da Aka Fi Tunawa da Sigoginsu

Idan aka jera sunayen finafinan da mutanen wannan tsara suka fi ambata, za a ga wani tsari ya bayyana tun daga sunayen: Ibro Awilo, Ibro Ɗan Indiya, Ibro Usama, Ibro Saddam, Ibro Aloko, Ibro Ɗan Fulani, Ibro Angon Hajiya. Suna ɗaya ne yake tsaye, abin da yake biye da shi ne yake canzawa. Haka sunayen tatsuniyoyi suke, Gizo da kaza, Gizo da kaza. Mai sauraron tatsuniya ba ya tambayar wane ne Gizo, ya riga ya san halinsa. Abin da yake jira shi ne ya ga yadda wannan hali zai kaya a sabon wuri. Haka yaro yake zama gaban fim ɗin Ibro. Daga nan za mu iya fitar da sigogi huɗu.

6.1 Tauraro mai hali ɗaya. Ibro na cikin fim talaka ne mai kwaɗayi, mai cika baki, mai saurin tsorata, mai dabarar da takan ƙare a kansa. In ya ga abinci sai ya zare ido, in ya ga wanda ya fi shi ƙarfi sai murya ta canza. A finafinansa na farko yana da mata, kamar Tsigai, wadda take tsaye a inda Ƙoƙi take tsayawa. Yaro yana son irin wannan tauraro domin babba ne mai halin yara. Yana aikata abin da aka hana yaro, ya sha dukan da yaro yake tsoro, yaro kuwa yana zaune lafiya yana dariya.

6.2 Kwaikwayon baƙo. A Ibro Awilo ya ɗauki shiga da rawar Awilo Longomba, mawaƙin nan na Kwango wanda waƙoƙinsa suka cika Nijeriya a wajejen shekarar 2000. A Ibro Ɗan Indiya ya juya kan finafinan Indiya, waɗanda Hausawa suka shafe shekaru suna kallo, har finafinan soyayya na Kano suka ɗauki salonsu. Wannan shi ne aikin ɗan kama ba ragi ba ƙari, watau a ɗauki karin da kowa ya sani a cika shi da wasu kalmomi. Wanda ake yi wa dariya a nan ba Ba'indiye ba ne kuma ba mutumin Kwango ba ne. Bahaushen da ya ari rigar da ba tasa ba shi ake yi wa dariya.

6.3 Sauko da manyan duniya cikin unguwa. Bayan harin da aka kai Amurka ranar 11 ga Satumba, 2001, hotunan Usama bin Ladan sun cika motoci da shaguna a Kano. A 2002 sai ga Ibro Usama, a 2003 kuma, shekarar da Amurka ta mamaye Iraƙi, sai ga Ibro Saddam. Wani manazarci Bajamushe, Matthias Krings, ya tattauna waɗannan finafinai a littafinsa na 2015. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, yaro ɗan shekara goma a Soron Ɗinki yana jin waɗannan sunaye a rediyon mahaifinsa da asuba, cikin murya mai ban tsoro. Da dare sai ya ga mutumin da ya saba gani yana gudun mai bin sa bashi ya fito da wannan suna. Labarin da ya fi ƙarfin yaro ya sauko ke nan daidai tsawonsa.

6.4 Wasa da harshe. Mafi yawan dariyar Ibro a baki take, ta hanyar karya kalma, da juya karin magana, da ba da amsar da ba ita aka tambaya ba, da kwaikwayon Hausar wasu ƙabilu ko Turancin wanda bai yi boko ba. Wannan shi ya sa ƙarancin kayan aiki bai rage wa finafinan komai ba a wurin yara. Hoto yana iya dushewa, amma magana tana fita, ita ce kuma ake ɗauka a tafi da ita makaranta da safe.

Ba za mu bar wannan sashe ba sai mun faɗi abin da masu suka suke faɗa, domin akwai gaskiya a cikinsa. Wasan barkwanci na gargajiya fuska da fuska ake yin sa, wanda aka tsokana yana da bakin ramawa. A fim kuwa, Bafulatani ko Bagware ko mai wata naƙasa da aka kwaikwaya ba shi da wannan dama, kuma yaron da yake kallo bai san inda ƙa'idar wasan ta tsaya ba. Haka nan iyaye da malamai sun yi kukan cewa yara suna ɗaukar tsiwa da baƙar magana daga waɗannan finafinai. Tsohuwar sana'a ta shiga sabon mazubi, amma ba duk shingayenta ne suka biyo ta ba.

7.0 Ɗan Wasa da Hukuma

Wannan rashin shinge ya fi bayyana a dangantakarsa da hukuma. Wawan sarki yana da sarki, kuma sarkin ne garkuwarsa. Ɗan wasan bidiyo ba shi da kowa sai masu sayen kaset. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Kano a shekarar 2000, an kafa Hukumar Tace Finafinai ta jiha a 2001. A 2007, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugabanta, aka kuma tsaurara matakai a kan 'yan fim. A watan Oktoba na 2008 kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Rabilu Musa hukuncin ɗaurin wata biyu, a kan tuhumar da ta shafi rajistar kamfani da kuma rawar da take cikin Ibro Aloko. Mutane da yawa a lokacin sun ɗauka cewa wata waƙa ta cikin fim ɗin, mai suna Mamar, wadda ake gani habaici ce ga masu mulki, ita ce ainihin dalili. Tsohon gandiroba ya koma gidan yari ke nan a matsayin ɗaurarre.

Ba aikin wannan takarda ba ne ta yanke hukunci tsakanin hukuma da ɗan wasa. Abin da muke son nunawa shi ne, da a ce dariyar Ibro holoƙo ce kawai, da ba ta kai shi gaban alƙali ba. Wannan shari'a shaida ce cewa wasan da yara suke kallo a kan tabarma yana taɓa manya a inda yake musu ciwo. Yaran ba su gane haka ba a lokacin. Sai da suka girma suka waiwaya, sa'an nan suka ga cewa ɗan sandan da yake karɓar na goro, da malamin tsibbun da yake cinye kazar mai neman taimako, da alƙalin da yake duban aljihu kafin ya dubi gaskiya, duk mutane ne da za su gamu da su a rayuwa. Ashe tun suna ƙanana an riga an nuna musu su.

8.0 Abin da Zuciya Ta Riƙe da Abin da Yake Salwanta

Duk wanda ya zauna da mutanen wannan tsara suna hirar Ibro zai lura cewa da wuya wani ya iya kawo labarin fim guda daga farko har ƙarshe. Abin da ake kawowa gutsattsari ne, watau wata kalma, ko wani kallo, ko wata faɗuwa. Sau da yawa ma akan yi gardama a kan fim ɗin da abin ya fito. Amma kowa yana tuna ɗakin da ya zauna, da wanda yake kusa da shi, da tsohuwar da ta yi dariya har ta share hawaye. Wannan ba rauni ba ne na tunani. Finafinan ne aka gina su a kan fitowa fitowa, ba a kan doguwar ƙulla labari ba, kuma kallon ne aka yi shi cikin jama'a. Saboda haka mai tuna Ibro yana tuna gidansu ne, da mutanen da da yawansu yau ba su da rai. Wannan shi ne sirrin haɗuwar addu'a da dariya da muka ambata a farko.

To amma akwai abin damuwa. Kaset ya ba faifai wuri a cikin shekarun 2000, faifai kuma kasuwarsa ta faɗi a cikin shekarun 2010, kallo ya koma wayar hannu da YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura da danshin damina, faifai kuma da ya karce ya tashi aiki. Abin da ake samu a intanet na tsofaffin finafinan camama yawanci guntaye ne, ba shekara, ba sunan mai shiryawa, ba jerin 'yan wasa. Bugu da ƙari, ko da yake an fara nazarin finafinan Hausa da gaske tun babban taron da aka yi a Kano a 2003, kuma malamai irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi aiki mai yawa, hankalin ɗalibai ya fi karkata ga finafinan soyayya da tasirin Indiya a kansu. Rainin da yake cikin kalmar camama ya bi finafinan har cikin aji.

Kallon wayar hannu kuma kallo ne na mutum ɗaya. Yaron yau yana iya ganin Ibro, amma ba zai gan shi a cikin taron yara ashirin a ɗakin maƙwabta ba. Ke nan abu biyu ne suke salwanta tare, finafinan da kuma yanayin da ya ba su ma'ana.

9.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa ƙaunar da yaran birni suka yi wa Ɗan Ibro tana da tushe. Ya gaji Gizo a hali, ya gaji ɗan kama a kwaikwayo, ya gaji 'yan tashe a shiga, ya kuma gaji wawan sarki a faɗar gaskiya cikin wauta, sai dai shi bai sami garkuwar da wawan sarki yake da ita ba. Mun kuma nuna cewa tsarin zaman unguwa irin ta Soron Ɗinki shi ya mai da kaset abin tarayya, ya zaunar da shi a gurbin tatsuniya.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu, musamman na Jami'ar Bayero da yake ita ce a kusa, su haɗa kai da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, a bi tsofaffin dillalai da masu shagunan haya a tattara abin da ya rage na kaset da faifai, a kwafe su, a rubuta shekara da sunayen waɗanda suka yi aikin. Ta biyu, a tura ɗalibai unguwanni su ɗauki bayanin waɗanda suka yi kallon, maza da mata, kamar yadda magabatanmu irin su marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya suka bi tsofaffi suka rubuta tatsuniyoyi. Ta uku, a zauna da abokan sana'arsa da suke raye, a ji yadda ake ƙulla wasan, da abin da ake tsarawa tun farko da abin da yake zuwa nan take a gaban na'ura. Da zafi zafi akan bugi ƙarfe, kuma masu wannan sani ba za su dawwama ba.

Allah ya jiƙan Rabilu Musa Ɗanlasan, ya gafarta masa kurakuransa, ya kyautata namu ƙarshen, amin.